Sawun Jirgin Ƙarƙashin Teku: Idan Maɓoya Ta Tonu, Wa Zai Fara Harbi?

A farkon watan Fabrairun 2009 wani abin mamaki ya auku a cikin tekun Atlantika. Jiragen yaƙi biyu masu tafiya a ƙarƙashin ruwa, ɗaya na Birtaniya mai suna Vanguard, ɗaya kuma na Faransa mai suna Le Triomphant, suka yi karo da juna cikin duhun teku. Kowannensu an ƙera shi ne don ya ɗauki makamai masu linzami har 16 masu kawunan nukiliya, kowannensu kuma yana ɗauke da na'urorin sauraro waɗanda ƙasarsa ke tinƙaho da su, amma duk da haka babu wanda ya ji tahowar ɗan'uwansa. Hasali ma da farko cewa Faransawa suka yi jirginsu ya ci karo ne da wani abu da ya nutse, mai yiwuwa kwantena, sai daga baya aka gane ashe maƙwabcinsu ne suka mangara.

Jaridun Turai sun yi wa rundunonin biyu ba'a a lokacin. Amma wanda ya san abin da aka ƙera waɗannan jirage dominsa, zai ga cewa haɗarin shaida ce ta cin nasara, domin kuwa aikinsu ke nan: su ɓace. Abin da nake so mu duba a yau shi ne yunƙurin da manyan ƙasashe ke yi na kawo ƙarshen wannan ɓacewa, ta hanyar na'urorin da ba sauraren jirgi suke yi ba, sawunsa suke bi a cikin ruwa, kamar yadda maharbi ke bin sawun dabba a daji. A nawa ganin wannan bincike, wanda ba a cika jin labarinsa ba, ya fi yawancin makaman da ake nunawa a faretin soja haɗari ga zaman lafiyar duniya.

Bari mu fara da dalilin da ya sa ɓuyan ke da muhimmanci haka. Tun daga shekarun 1960 abin da ya hana ƙasashe masu makaman ƙare-dangi far wa juna, ba ƙauna ba ce, lissafi ne. Kowacce ta san ko da ta yi wa abokiyar gabarta ba-zata, ta rusa ramukan makamanta na tudu da filayen jiragenta na sama, to akwai sauran wasu makamai a can ƙarƙashin teku, inda ba a san wurinsu ba, waɗanda za su rama. Amurka na da irin waɗannan jirage 14 samfurin Ohio. Birtaniya kuwa ba ta da wani makamin nukiliya in ba wanda ke cikin jiragenta huɗu ba, kuma tun watan Afrilun 1969 ba a taɓa wayewar gari babu aƙalla guda ɗaya daga irinsu a cikin teku yana sintiri ba. Har al'ada gare su, duk sabon Firayim Minista sai ya rubuta wasiƙa da hannunsa ga kwamandojin jiragen, a rufe ta a akwatin ƙarfe, tana faɗa masu abin da za su yi idan an hallaka gwamnati babu mai ba da umurni. Wato ƙasa guda ta jingina tsaronta a kan zaton cewa ba za a ga jirgi ɗaya tak ba.

Ruwan teku kuwa ya daɗe yana rufa masu asiri. Na'urar rada da ke hango jirgin sama daga nesa ba ta ratsa ruwan gishiri. Hasken rana ma da ya wuce zurfin mita 200 sai ya dusashe. Abin da ke tafiya da nisa a cikin ruwa shi ne sauti, wanda ke gudun kimanin mita 1,500 a daƙiƙa guda, ya ninka gudunsa a iska fiye da sau huɗu. Saboda haka duk farautar jiragen ƙarƙashin teku a zamanin yaƙin cacar baka ta zama gasar kunne. Tun a shekarun 1950 Amurka ta shimfiɗa jerin na'urorin sauraro a ƙasan teku, tsarin da ake kira SOSUS, ta kuma daɗe tana jin jiragen Tarayyar Sobiyat daga nesa saboda ƙarar injinansu da farfelolinsu. Sobiyat ta san an fi ta kunne, an kuma fi ta iya tafiya da sanɗa. Wani ɓangare na wannan sani ta same shi ne daga ɗan leƙen asirinta John Walker, jami'in sojan ruwan Amurka da ya yi shekaru yana sayar mata da sirri kafin a cafke shi a 1985. A 1987 kuma aka bankaɗo cewa wani reshen kamfanin Toshiba na Japan da kamfanin Kongsberg na Norwe sun sayar mata da injinan sassaƙa ƙarfe waɗanda ke taimakawa wajen ƙera farfela marar ƙara.

To amma tun kafin nan, injiniyoyin Sobiyat sun riga sun ɗauki wata hanya daban. Tunaninsu shi ne, in ba za ka iya jin ɓarawo ba, ai ka iya bin sawunsa. Jirgi mai nauyin tan dubbai ba zai ratsa ruwa ya bar shi yadda ya same shi ba, komai sanɗarsa.

Nan ne batun ke da daɗin bincike, don haka sai mai karatu ya yi haƙuri mu ɗan tsaya. Abu na farko da jirgin ke bari shi ne hargitsi. Ruwan teku ba bai-ɗaya yake ba, hawa-hawa yake, na sama ya fi ɗumi, na ƙasa ya fi sanyi da nauyi, gishirinsu ma ya bambanta. Idan jirgi ya keta, jikinsa da farfelarsa sai su dama waɗannan hawa-hawa, su bar doguwar igiya ta ruwan da aka gauraya a bayansa, wadda ba ta lafawa nan take. Na'urar da ke auna ɗumi da nauyin ruwa da yadda haske ke karyewa a cikinsa, idan ta shiga wannan igiya za ta ga bambanci. Abu na biyu zafi ne. Tukunyar nukiliyar jirgin Rasha samfurin Akula tana samar da zafi mai ƙarfin megawat 190 in an buɗe mata wuta sosai, kuma mafi yawan wannan zafi ba farfela yake juyawa ba, cikin teku ake zubar da shi ta ruwan sanyaya inji. Abu na uku kuma shi ne abin da zan kira warin jirgi. Ana manna wa jikinsa dunƙulen tutiya don ita ta riƙa narkewa a madadin ƙarfen jirgin, ta kare shi daga tsatsa, to wannan tutiya tana bin ruwa. Bututun sanyaya inji na sakin ɓurɓushin nikel. Injin da ke tsaga ruwa don samar wa ma'aikata iskar shaƙa yana fitar da iskar haidirojin, wadda tilas a watsar da ita waje. Ga kuma ɗan abin da ke fita na sinadarai masu tururin nukiliya, komai ƙanƙantarsa.

Na'urar da Sobiyat ta haɗa don shinshinar waɗannan alamu ana kiranta SOKS, wato taƙaitaccen sunan tsarin gano sawun jirgi a harshen Rashanci. An fara ɗora ta a kan jirginsu K-14 a 1969, daga baya aka riƙa ganin ire-irenta a jikin jiragen farauta samfurin Victor da Sierra da Akula, wasu 'yan tsinkuna da ƙananan bututu da ke tsaitsaye a kan hasumiyar jirgin da gabansa. Masana a Yammacin duniya sun daɗe suna ɗaukar abin a matsayin burga, har sai da hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta saki wasu sassan wani rahotonta na 1972 a shekarar 2017, aka ga ashe tun wancan lokaci tana bin diddigin wannan bincike da idon basira. Majiyoyin Rasha na cewa a 1985 jirginsu K-147 ya yi kwana shida yana bin wani jirgin Amurka mai ɗauke da makaman nukiliya, wanda suke kyautata zaton Simon Bolivar ne, da taimakon wannan na'ura. Labari ne da ya fito daga bakin ɓangare guda, kuma sojan ruwa, kamar masunta, ba su cika rage girman kifin da suka kama ba. Sai dai abin da ya fi labarin nauyi a wurina shi ne, a 2021 an ɗauki hoton jirgin Birtaniya HMS Talent a Jibralta da wasu tsinkuna masu kama da na Rashawa a jikinsa. Bature ba ya kwaikwayon abin da ya tabbatar shirme ne.

Ba a cikin ruwa kaɗai ake neman sawun ba, har daga sama. Duk abin da ke tafiya a kan ruwa, agwagwa ce ko jirgin dakon mai, yana barin sawu mai siffar bakin kibiya, wanda masanin kimiyyar nan Lord Kelvin ya yi bayaninsa tun a ƙarni na 19. Jirgin da ke ƙarƙashi ma, in yana kusa da sama kuma yana gudu, yakan ɗan ɗaga fuskar ruwa, sannan igiyoyin da ya tayar a tsakanin hawa-hawan ruwa kan canza yanayin ƙananan raƙuman da ke sama. A 1978 Amurka ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Seasat, wanda bai wuce wata uku da 'yan kai yana aiki ba, amma hotunan radarsa sun nuna sawun jiragen ruwa da irin waɗancan igiyoyi na cikin teku. Tun daga nan tambayar ba ta kwanta ba: shin za a kai ranar da tauraro zai riƙa karanta fuskar teku ya faɗi abin da ke ƙarƙashi? A 2018 an ba da rahoton cewa masu bincike a birnin Qingdao na ƙasar Sin suna aiki a kan wani tauraro mai hasken leza da suke burin ya ratsa ruwa har zurfin mita 500. Buri ne, kuma tsakanin buri da aiki akwai tafiya.

Wani abin sha'awa shi ne halitta ta riga ɗan'adam a wannan fage. Akwai wata dabbar teku da Turawa ke kira sil, mai dogon gashin baki kamar na kyanwa. A 2001 masanin nan na Jamus Guido Dehnhardt da abokan aikinsa suka nuna cewa idan aka rufe wa dabbar ido da kunne, aka saki wani ɗan ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa ya wuce, takan bi hanyar da ya bi daidai, da gashin bakinta kawai, in kuwa aka rufe gashin sai ta ɓace. Injiniyoyi a jami'ar MIT ta Amurka da wasu wurare sun ƙera gashin roba mai irin wannan siffa, suna gwada shi a matsayin na'urar jin motsin ruwa. Ka ƙaddara an ɗora irin wannan a kan ɗaruruwan ƙananan jirage marasa matuƙi, masu arha, an watsa su a mashigin teku, an kuma haɗa bayanansu a kwamfuta mai iya tace gaskiya daga hayaniya. Wannan hoto ne ya sa wasu masana a Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya, ƙarƙashin Roger Bradbury, suka fitar da rahoto a 2020 suna cewa akwai yiwuwa mai ƙarfi teku ta zama tamkar gilashi nan da shekarun 2050.

To, Bahaushe ya ce in an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu. Ni ban yarda teku za ta tone asirinta cikin sauƙi haka ba. Ruwa ya mamaye fiye da kashi 70 cikin 100 na doron duniya, kuma na'urar bin sawu ba ta hango komai daga nesa, sai ta taka sawun da kanta. Mai bin sawun shanun da aka sace yana farawa ne daga garke, ba ya shiga daji haka kawai yana dube-dube. Haka shi ma jirgin farauta, tilas ya yi kwanto a bakin sansanin abokin gaba ko a wani ƙuntataccen mashigi, kamar wanda ke tsakanin Girinlan da Aisilan da Birtaniya, ya jira. Sannan wanda ake farauta ba a zaune yake ba. Jirgin da ke ɗauke da makaman nukiliya ba gudu yake yi ba, rarrafe yake yi a can cikin zurfi, kuma iya jinkirinsa iya raunin sawunsa. Yana iya shiga ƙarƙashin ƙanƙarar Arewacin duniya inda tauraro ba ya gani. Iska da igiyar ruwa da manyan kifaye da dubban jiragen kasuwanci kullum suna dama teku, suna share sawu suna kuma ƙirƙirar na ƙarya. Bugu da ƙari, ganin jirgi sau ɗaya daban, riƙe shi na tsawon makonni daban, hallaka dukkan jiragen ƙasa guda cikin sa'a ɗaya kuma wani abu ne daban, alhali guda ɗaya in ya tsira ya isa ya ƙone birane.

Amma wannan bai kwantar mani da hankali ba, domin haɗarin ba ya jiran sai na'urar ta yi aiki. Ya isa kawai shugaban wata ƙasa ya fara shakkar ko ana ganin jiragensa. Wanda ya tabbata makamansa na ɓoye, yana iya haƙuri a lokacin rikici, ya jira, ya buga waya, ya tantance ko abin da rada ta nuna hari ne ko kuskuren inji. Wanda kuwa yake zaton ana biye da jiragensa, lissafinsa zai koma: in ban harba yanzu ba, anjima ba ni da abin harbawa. Kuma tunda duk wannan bincike a asirce ake yin sa, babu mai iya tabbatar wa kansa cewa abokin gabarsa bai riga ya cim ma nasara ba.

Tarihi ya nuna mana yadda jirgin da aka gano yake ji. A ranar 27 ga Oktoban 1962, ana tsakiyar rikicin makaman Kyuba, jiragen yaƙin Amurka suka ritsa da jirgin Sobiyat B-59, suka riƙa jefa masa ƙananan bama-bamai na gargaɗi don su tilasta masa fitowa. Ba su san yana ɗauke da makamin nukiliya na harbin jiragen ruwa ba. A ciki kuwa batir ya kusa ƙarewa, zafi ya yi tsanani, ba a samun labari daga Mosko, har kyaftin ɗin, Valentin Savitsky, ya ɗauka yaƙi ya riga ya ɓarke. Bisa bayanan da suka fito fili a 2002, wani babban jami'i da ke cikin jirgin, Vasili Arkhipov, shi ya tausa shi aka fito sama maimakon a harba. Bayan yaƙin cacar baka ma bin sawu bai daina jawo tsautsayi ba: a watan Maris na 1993 jirgin farautar Amurka Grayling ya yi karo da jirgin Rasha Novomoskovsk mai ɗaukar makaman nukiliya a tekun Barents, a lokacin da yake biye da shi. Na'urar da ke buƙatar mafarauci ya shiga cikin sawun abin farautarsa, ya manne masa a baya, ba rage irin wannan za ta yi ba.

Wani abin lura kuma shi ne, tonon asirin ba zai faɗa wa kowa daidai-wa-daida ba. Jiragen Amurka daga sansanoninsu kai tsaye suke faɗawa cikin faɗin Atlantika da Fasifik. Na Sin kuwa, da ke tsibirin Hainan, kafin su kai ga buɗaɗɗiyar teku sai sun bi ta mashigai da ke tsakanin tsibiran ƙawayen Amurka, wato daidai irin wurin da mabi sawu ke so. Rasha ta daɗe da zaɓar ta killace nata a tekunan Barents da Okhotsk tana gadinsu. Birtaniya da Faransa na da faɗin teku, amma jiragensu kaɗan ne. Indiya, wadda ta ƙaddamar da jirginta na farko Arihant a 2016, sabuwar shiga ce. Duk ƙasar da ta ga maɓoyarta na ƙanƙancewa, hanyar da ta fi mata sauƙi ita ce ta ƙara yawan makamai ta kuma rage lokacin yanke shawarar harba su. Ita ma Ostireliya, wadda a 2023 ta bayyana cewa shirin jiragenta na yarjejeniyar AUKUS zai iya cin har dalar ƙasarta biliyan 368, tana da dalilin yin tambaya ko kayan da take saye za su ɓuya a lokacin da suka iso.

Mai karatu na iya cewa ina ruwanmu, mu da rundunar ruwanmu ba ta da jirgin ƙarƙashin teku ko guda. Sai in tuna masa cewa a watan Janairun 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya da ƙasarsa ke yi a Saharar Aljeriya, don magabatanmu sun san iska ba ta neman biza. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature Food a 2022 ya ƙiyasta cewa cikakken yaƙin nukiliya tsakanin Amurka da Rasha na iya kashe mutane fiye da biliyan 5 ta hanyar yunwa, saboda hayaƙin da zai tare rana ya lalata amfanin gona a ko'ina. Mu da muka ga yadda yaƙin Yukiren kaɗai ya taɓa farashin fulawa da takin zamani a kasuwanninmu, ba ma buƙatar dogon bayani.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, a 1972 Amurka da Sobiyat sun fahimci wannan lissafi sarai dangane da sararin sama, shi ya sa suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar taƙaita makaman kakkaɓo makamai masu linzami, bisa hujjar cewa garkuwar da ta yi kyau da yawa tana sa abokin gaba gaggawa. Amma ba a taɓa yin makamanciyarta a kan farautar jiragen ƙarƙashin teku ba, duk da cewa masana sun sha ba da shawarar a keɓe wasu yankunan teku inda ba za a bi jiragen da ke ɗauke da makaman ramuwa ba. Maimakon haka ma, a 1986 babban hafsan sojan ruwan Amurka, Admiral James Watkins, ya bayyana a fili cewa dabararsu ta haɗa da nutsar da irin waɗannan jirage na Sobiyat tun ana yaƙi da makaman gargajiya. Ita kanta yarjejeniyar 1972 Amurka ta fice daga cikinta a 2002, ta makamai masu matsakaicin zango ta rushe a 2019, sai New START, wadda Rasha ta dakatar da aiki da ita a 2023, kuma wa'adin da aka yanka mata shi ne Fabrairun 2026.

Ana cikin wannan hali ne Amurka ke ƙera sababbin jirage 12 samfurin Columbia, Birtaniya kuma huɗu samfurin Dreadnought, don su gaji na yanzu daga shekarun 2030. An tsara kowane Columbia ya yi shekara 42 yana aiki, wato na ƙarshensu za su kai shekarun 2080 suna sintiri, kimanin shekara talatin bayan lokacin da masanan Ostireliya suka ce teku na iya daina rufa asiri.